Jan Ƙyalle a Gonar Maitama

Da hantsin wata Alhamis ne, cikin tsananin bazara. Kamaluddeen yana zaune a zauren gidansu na Kaura Namoda, kwamfuta a kan cinya, yana gyaran babi na huɗu na kundin digirinsa na biyu, sai wayarsa ta yi ƙara. Inna Saude ce daga Galadi, matar kawunsa Maitama. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi lafiyar kowa ba.

"Kamalu, sun tahi da kawunka."

"Su wa, Inna?"

"Mutanen daji. Gona sunka iske shi. Kuma kai sunka hwara tambaya. Sun ce ina yaron nan mai na'ura."

Bai san lokacin da wayar ta sauka daga kunnensa ba. Idonsa ya tsaya a kan taswirar da ke fuskar kwamfutar, a kan wani ɗan ɗigo mai lamba goma sha bakwai. Shi ya sa ɗigon nan da hannunsa mako uku da suka wuce. Gonar kawunsa ce.

Maitama ƙanen Asiya ne, mahaifiyar Kamaluddeen, kuma mahaƙin rijiya ne tun yana saurayi. Wurin ubansa ya gaji sana'ar. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ɗan yatsansa ƙarami na hagu ya guntule tun ranar da igiya ta naɗe shi a wata rijiya ta Zurmi. In an tambaye shi labarin yatsan sai ya ce ya bar shi can yana gadin ruwa. Daga ƙauyukan Zurmi zuwa Kurya Madaro, har can kusa da iyakar Nijar, da wuya ka yi tafiyar wuni ba ka sha ruwan da ya tono ba. Da damina manomin gero ne kamar kowa. Da an gama kai amfani rumbu sai ya ɗauki daginsa da guga da igiya, ya ɗaure a bayan babur, a neme shi a rasa sai wata ya juya.

Yana da nasa hanyoyin. Idan aka kira shi gari, ba ya fara sara sai ya zagaya da ƙafa, yana duban inda ɓaure da gawo suka tsaya. Ya kan tsuguna a gindin suri ya ɓantari ƙasar da gara ta fito da ita, ya murza, ya sansana, wani lokaci ya ɗora a harshe. Sannan ya miƙe ya faɗi adadin gabar da za a yi kafin a tarar da ruwa. Da faɗin hannuwansa biyu yake awo, daga wannan yatsa zuwa wancan, gaba ɗaya ke nan. Ba kullum yake dacewa ba, amma kuskurensa bai cika wuce gaba guda ba. Idan rami ya yi nisa, ba ya shiga da safe sai ya zura fitila. In ta mutu a ƙasa, ranar babu aiki sai an yi wa ramin fifita da ganye.

Duk zuwan da zai yi Kaura, sai ya zo wa ɗan yayarsa da tsaraba ta ban mamaki. Wasu kawunnai kan kawo rake ko ƙuli, shi kuwa tsakuwa yake kawowa. Fara mai sulɓi, ja mai ƙyalli, wata mai zanen ganye a jikinta. "Wagga daga gaba tara ta hito," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa ganinta sai ni, sai kai." Tsakuwoyin nan su suka ja Kamaluddeen har jami'a ya karanta ilimin ƙasa da duwatsu, ya kuma koma digiri na biyu a fannin binciken duwatsun da ke riƙe man fetur.

Aikin kundinsa ba mai hayaniya ba ne. A yankin Shinkafi ne tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa yake fara nutsewa, shimfiɗun yashi da laka suke fara hawa kansa, suna ƙara kauri yayin da aka nufi yamma. Malaminsa ya ce ya auna kaurin shimfiɗun nan a daidai inda suka fara, wuri ashirin. Ba mai tsammanin samun mai a nan. Sanin inda wannan kwarin na ƙarƙashin ƙasa ya fara ne kawai, don masu neman abin da ke tsakiyarsa. Malamin ya so ya sauya masa wuri saboda halin da ake ciki, Kamaluddeen ya dage. Ya ce ƙasarsu ce, yana da kawu a can da kowa ya sani, kwana biyar kawai zai yi.

Sashensu ya ba shi aron na'ura: akwati rawaya mai batir, da dunƙulen waya huɗu, da sandunan ƙarfe, da guduma. Ana kafa sandunan a jere, a tura wuta cikin ƙasa, a karanta yadda ƙasar ta bar ta ta wuce ko ta tare ta. Maitama ya tarye shi a Shinkafi, suka ɗaure kayan a babura biyu. Tun a teburin mai shayi na Galadi aka fara tambaya, Kamaluddeen kuwa bai ga abin ɓoyewa ba. Ya ce karatun man fetur yake yi. Har da ɗan alfahari ya faɗa.

Kwana huɗu suna yawo, shi da kawunsa da wani maƙwabci mai suna Muhtari da ke jan waya. Maitama bai bar na'urar ta huta da ba'a ba.

"Injiniya, wanga akwati naka yana cin tuwo?"

"Batir yake ci, Kawu."

"To ni da ka cin tuwo na hi shi arha. Kuma ni ba a ɗauka ta bisa kai."

Rana ta biyar suka isa gonarsa ta nesa, wadda ke bakin daji, wadda rabonsa da nomanta shekara biyu. Ya daɗe yana cewa akwai ruwa mai kyau a ƙarƙashinta. A nan ya ƙalubalanci ɗan yayarsa. Ya ce kowa ya faɗi nasa, a ga wanda ya san ƙasa. Ya zagaya, ya ɗanɗani ƙasar suri, ya tofar.

"Gaba ukku jar ƙasa. Sai marmara gaba biyu, mai karya dagi. Sai hwarar laka, ita ka da yawa. Ƙarƙashinta yashi mai tsakuwa. Ruwa na gaba goma sha biyu. Tambayi akwatinka."

Kamaluddeen ya yi awonsa, ya zauna a inuwar gawo ya zana layin a takarda, ya yi lissafi. Mita ashirin da biyu. Ya sa kawunsa ya buɗe hannuwa ya auna su da tef, ya raba. Gaba goma sha biyu, har da 'yan kai.

Ihu ya yi. Ya tashi ya rungume tsohon, suka yi ta tsalle kamar yara, Muhtari yana tafi. Ya ɗauki hoton wurin ta kowace kusurwa. Sannan ya yi abin da aka koya masa tun shekararsa ta biyu a jami'a, abin da ya yi ba tare da tunani ba: ya kafa turke, ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya rubuta lamba a jiki, don in an ce ya maimaita awo ya gane wurin. A sauran wuraren, jan fenti kawai ya ɗiga a kan dutse. Nan babu dutse, shi ya sa ya kafa turke. Wasu mata masu itace sun tsaya daga nesa suna kallo. Wani mai babur ma ya rage gudu.

A ƙasar da mutane suka ga yadda ramin zinariya ke tayar da gari cikin mako guda, ba a kafa turke da jan ƙyalle a banza. Kafin Kamaluddeen ya mayar da na'ura jami'a, magana ta riga ta yi ƙafa. A Galadi an ce ɗan Asiya ya gano fetur a gonar kawunsa. Da ta kai kasuwar Shinkafi, fetur ɗin ya zama zinariya. Da ta shiga daji, har an san nauyinta.

Ranar da Inna Saude ta kira, Kamaluddeen ya shiga ɗaki ya fara cusa kaya a jaka. Mahaifiyarsa, Asiya, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta zare makullin babur daga aljihun rigarsa, ta ɗaure a bakin zanenta.

"Ina za ka?"

"Umma, ni suke nema. In na je na yi musu bayani..."

"Bayani. Da wane baki? Ƙanena ne, ciki ɗaya. Na hi ka jin zahi. Amma ba ni ba su mutum biyu."

An kai rahoto inda ya kamata a kai, aka rubuta, aka ce a yi haƙuri ana ƙoƙari. Inna Saude ta baro Galadi ta dawo gidan su Kamaluddeen da ƙullin kayanta. Kamaluddeen ya daina fita ko masallacin unguwa sai an raka shi. Duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai ya miƙe ya leƙa. Lambar da bai sani ba in ta kira, ya kan zuba wa wayar ido har ta katse. Malaminsa ya kira sau biyu, ya ce ya ajiye kundin tukuna. Ai ko bai faɗa ba, ya kasa buɗe babi na huɗu.

Kwana shida babu labari. A na bakwai, da azahar, wani dattijo dogo mai rawani da malfa ya yi sallama. Wakili ne, makiyayi, tsohon abokin Maitama. Shekara talatin shanunsa suna shan ruwan rijiyoyin da Maitama ya haƙa. Shi ma an kore masa rabin garke bara, amma har yanzu yana kiwo a gefen dajin, kuma ana barinsa ya wuce. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya sha ruwa, ya ajiye kofin.

"Yana da rai," ya ce. "Na gan shi da idona."

Inna Saude ta zube a ƙasa tana hamdala. Wakili ya ɗaga hannu, alamar bai gama ba.

Ya ce sun tsare Maitama kwana uku suna tambayarsa. Ya rantse musu ruwa ne a wurin. Babbansu ya yi dariya, ya ce wa zai ɗauko na'ura tun daga jami'a ya zo neman ruwa a gonar mahaƙin rijiya? Wa ke rungumar mutum yana tsalle don ya ga ruwa? Suka ce a kira yaron ya zo da akwatinsa. Maitama ya ce yaro ya koma makaranta, akwati kuma na gwamnati ne, an kulle. Ya ce kuma ko yaron ya zo, akwati nuni kawai yake yi, ba ya tono. Mai tono shi ne. Su mayar da shi gindin turken, su ba shi dagi da igiya da mutum biyu masu jan guga, ya buɗe musu ƙasar su gani da idonsu.

"Yanzu haka yana ciki," in ji Wakili. "Suna zaune gindin gawo da bindigoginsu, duk gugan da ya hito sai sun tankaɗe shi da rariya."

"Ya ba ka saƙo?" Asiya ta tambaya.

"Na kai musu nono, na samu na leƙa. Ya ce in hwaɗa ma Injiniya, in ya kuskura ya taka Galadi, bai yahe mishi ba duniya da lahira. Ya ce kuma in ba shi tsaraba."

Ya kwance wani ƙulli a gefen rawaninsa. Ƙasa ce, cikin tafin hannu ɗaya. Ja, mai ɗan gari.

Kamaluddeen ya karɓa da hannu biyu. Ya gane. Kawunsa ba shi da waya, ba ya rubutu, amma ya san akwai mutum ɗaya a Kaura da zai iya karanta wannan. Jar ƙasa ce ta sama. Bai wuce gaba uku ba.

"Baffa Wakili, in sun kai ƙasa suka ga ruwa ne, me za su yi?"

Wakili ya gyara malfarsa. "Wanga shi ne ban sani ba, ɗana. Su ma suna wahalar ruwa, na sani. Dabbobin da sunka tara suna mutuwa da ƙishi. Wataƙila su ce rijiya ma riba ce, su sallame shi. Wataƙila su ce ya ɓata musu kwanaki, ko ya karkatar da ramin da gangan. Babban nasu yaro ne, bai kai ka ba. Ba a sanin inda zai hwaɗi."

Daga ranar, rayuwar gidan ta koma jiran ƙullin Wakili. Ba kullum yake zuwa ba. Wani lokaci ya ba direban motar Shinkafi, wani lokaci Muhtari ya kawo. Kamaluddeen ya ɗauko takardar da ya zana a inuwar gawo ya manna a bangon ɗakinsa, ya jera ƙananan kofuna a ƙarƙashinta. Ƙulli na biyu marmara ce, guntaye masu kaifi kamar tsatsa. Ta riƙe Maitama kwana biyar, Kamaluddeen ya yi ta godiya ga Allah da taurinta. Ya kama kansa yana addu'ar da bai taɓa zaton zai yi ba, ta Allah ya sa lissafinsa kuskure ne, ruwan ya yi nisa, gaba ashirin, talatin, don muddin ana tono ana bukatar mai tono. Sai kuma ya tuna ramin ba shi da siminti, ba shi da itacen tokare. Kawunsa bai taɓa wuce gaba takwas ba tare da ya ɗaure bango ba. Ya rasa wacce zai roƙa.

Na uku farar laka. Na huɗu ma farar laka. Asiya da ba ta taɓa kula tsakuwoyinsa ba, yanzu ita ke fara kwance ƙullin.

"Wagga hwa? Nawa ke nan?"

"Tsakanin bakwai da tara, Umma."

"Kai da karatunka duka, ba ka iya cewa ga ta?"

"Laka ɗaya ce tun daga biyar har goma. Ba ta da alama."

"Shi da ya taɓa ta da harshe zai sani," in ji Inna Saude daga bakin murhu. Ba da faɗa ta faɗa ba, amma Kamaluddeen ya kasa cin abinci ranar.

Wakili ya ce Maitama ya rame, amma bakinsa bai mutu ba. Yana jan aikin a hankali. Kullum da safe sai ya sa an zura fitila, kuma sau biyu ta mutu, ya ƙi shiga, ya ce wanda ke gaggawa ya sauka da kansa. Ba wanda ya sauka. Har ya ce wa masu tankaɗe su riƙa tara lakar gefe guda, matan Galadi za su so ta don shafen ɗaki. Ɗaya ya yi dariya. Babban bai yi ba. Ya fara tambayar kwana nawa ya rage.

Ana cikin haka gabas ta fara haɗa hadari. Bai zubo ba tukuna, iska ce kawai ke tashi da la'asar ta watse. Amma duk wanda ya girma a gidan mahaƙa ya san abin da ruwan farko ke yi wa ramin da ba a ɗaure ba. Kamaluddeen ya kan fito tsakar gida ya tsaya yana kallon sama har wuyansa ya ƙage.

Ƙulli na shida ya iso ranar Litinin, a hannun Muhtari. Tun kafin a kwance, Kamaluddeen ya ga tsumman ya yi duhu a gindi. Ya buɗe a kan tabarma. Yashi ne mai kaushi, da fararen tsakuwoyi masu sulɓi, irin waɗanda ake kawo masa yana yaro. Ya damƙa a tafinsa ya saki. Yashin bai watse ba, ya tsaya da shatin yatsunsa.

"Mi ka gani?" Asiya ta tambaya.

Ya so ya yi mata ƙarya, bakinsa ya ƙi.

"Danshi ne, Umma. Ya wuce laka. Gaba ɗaya ta rage, ko ƙasa da haka."

"To akwatin naka ya yi gaskiya ke nan."

"Shi ya fara faɗa. Akwatin bayansa ya bi."

Inna Saude ta matso, ta ɗauki tsakuwa ɗaya, ta goge da bakin mayafinta, ta rufe a hannu. Muhtari ya ce Wakili ya ce zai koma wurin da safiyar Talata, kuma duk abin da ya gani zai zo da kansa ya faɗa, ba zai aiko ba.

Talata ta wuce. Ranar Laraba aka yi yayyafi a Kaura, direbobin Shinkafi suka ce can ya fi ƙarfi, amma ba wanda ya san ko ya kai Galadi. Wayar Muhtari ba ta shiga. Yau Alhamis, mako huɗu cif da kiran Inna Saude. Kofuna shida suna jere a gindin bango, na bakwai babu komai a ciki. Kamaluddeen yana zaune a zaure, ƙofa a buɗe, yana fuskantar hanyar tasha. Wakili bai zo ba tukuna, kuma ba a san ko Maitama ya kai ruwa ba.